Zaman Laraba na Gunvor Hestnes

Kafin jirgin fito na safe ya iso gaɓarmu daga tsallake, Gunvor Hestnes ta riga ta fito daga gida. Keke take hawa, ko ana ruwa ko ana zubar ƙanƙara, ta bi ta bayan masana'antar kifi, ta haura tudun coci, ta gangara makaranta. Ita ke kunna fitilun baranda a watannin duhu, wato tsakiyar sanyi, lokacin da rana ba ta cika fitowa a nan arewa ba. Ita ke ɗora gahawa a ɗakin malamai. Sannan ta tsaya bakin ƙofa tana karɓar yara, kowa da sunansa da tambayar da ta dace da shi: wannan ina safar hannunsa ɗaya, wancan yaya jikin kakarsa, waccan ko kyanwarta ta haihu. Fiye da shekara talatin ke nan haka take yi a tsibirin nan.

A ƙarshen wannan zango za ta ajiye aiki. Ta gargaɗe mu kada a yi mata taro, kada kowa ya tashi ya yi jawabi. Amma ba ta ce kada a yi rubutu ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ni ce Aslaug, mai koyar da tarihi da harshe a ajin da ke jikin nata, kuma yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Wanda ya ga makarantarmu yau ba zai yarda cewa ta taɓa kai wa bakin rufewa ba. Amma ta kai. A wancan lokacin kowannenmu yana shiga ajinsa ne ya ja ƙofa, abin da ya faru a ciki tsakaninsa da yaransa. Mun yi shekaru muna shan gahawa tare, amma ban taɓa ganin yadda Gunvor ke koyarwa ba, ita ma ba ta taɓa ganin nawa ba. Lokaci-lokaci a tura mu kwas a birni, mu kwana a otal, mu saurari masana. Mutanen kirki ne kuma sun san abin da suke faɗa, sai dai ba su san yaranmu ba. Mu dawo a jirgi muna cewa lallai za a gwada, ranar Litinin kowa ya koma kan abin da ya saba.

Sakamakon karatu da lissafi ya yi ta zuwa ƙasa, shekara bayan shekara. Iyayen da ke da hali suka fara sa 'ya'yansu a jirgin safe zuwa makarantar tsallake. Daga nan ƙaramar hukuma ta fito da maganar da kowa ke tsoro: a rufe manyan azuzuwa, yara su riƙa haurawa kullum. Duk mun san abin da hakan ke nufi. Teku a lokacin sanyi ba ta da tabbas, wani lokaci jirgi ya ƙi tashi, wani lokaci ya tashi ka gwammace bai tashi ba. Babu uwar da za ta jure kallon ɗanta yana hawa wannan ruwa kowace safiya. Za su kwashe kaya su koma tsallake, ƙananan azuzuwa su bi baya, tsibiri ya zama na tsofaffi da masu zuwa hutu. Aka ba mu shekara biyu mu nuna canji.

Ranar da shugabar makaranta ta karanta mana wannan hukunci, ɗakin malamai ya ɗauki zafi. Wani ya ce laifin waya ne. Wata ta ce laifin iyaye ne. Arnfinn, malamin lissafi da sassaƙa na manyan azuzuwa, mutum mai ƙaton gemu da ƙaramin haƙuri, ya ce ai kowa ya san matsalar, 'ya'yan ma'aikatan kifi da suka zo daga ƙasashen waje ba su iya harshenmu ba, su ke jan makin ƙasa.

Gunvor ta bari hayaniya ta lafa. Sannan ta ajiye kofinta ta ce, "Ni dai akwai darasin da ya gagare ni. Lissafin rabi da kwata da sulusi. Kowace shekara ina koyar da shi, kowace shekara rabin ajina su fita ba su gane ba. Ban san abin da nake yi ba daidai ba. Wa zai zo ya zauna a bayan aji ya duba min?"

A wurinmu ba a taɓa jin malami ya faɗi irin wannan magana a gaban jama'a ba, balle wadda ta fi kowa daɗewa.

Arnfinn ya ce, "Au, yanzu leƙen asirin juna za mu koma yi?"

"Wa ya ce ni za ka kalla? Me za ka gani a jikina ban da furfura? Yaran za ka kalla. Ka zaɓi biyu ko uku ka zuba musu ido, ka gaya min abin da ya same su yayin da nake surutuna."

"In na faɗi gaskiya kuma ki daina gaishe ni."

"Da ma gaisuwar taka wani daɗi gare ta?"

Aka yi dariya, kuma dariyar ce ta kai shi. Ni da shi muka je. Muka zauna a kan ƙananan kujerun yara, gwiwoyin Arnfinn sun kusa taɓa gemunsa. Shi ya zaɓi wata yarinya mai suna Milda, wadda iyayenta suka zo daga Lithuania suna aiki a masana'antar kifi. Ina jin ya zaɓe ta ne don ya tabbatar da maganarsa. Milda ba ta magana a aji. Kowa ya ɗauka ba ta fahimtar komai.

Bayan an tashi muka koma ɗakin malamai mu uku. Arnfinn ya daɗe yana shafa gemu kafin ya ce, "Gunvor, kin san ba kya jira?"

"Jiran me?"

"In kin yi tambaya, kafin yaro ya haɗiye yawu kin ba da amsar da kanki. Yarinyar nan na ga leɓenta yana motsi. Tana da amsa. Juya ta take yi daga harshensu zuwa namu, kafin ta gama kin wuce tambaya ta gaba. Sau da yawa hannunta ya fara ɗagawa ya koma ƙarƙashin tebur."

Na ga fuskar Gunvor ta yi ja har kunne. Ta tashi ta je ta wanke kofinta, wanda da ma a wanke yake. Na ce a raina shi ke nan, abu ya mutu tun bai fara ba. Sai ta juyo ta ce, "Tun yaushe nake haka?"

Arnfinn ya ce, "Ina zan sani? Yau na fara ganinki."

Ta ce, "To jibi ka dawo."

Jibin muka dawo. Ta zana da'ira a allo, ta raba ta, ta yi tambaya, sannan ta kama bakin tebur da hannu biyu ta yi shiru. Ina ganin yadda shirun ke cin ta. Masu saurin amsa biyu suka ɗaga hannu, ta yi kamar ba ta gan su ba. Yara suka fara kallon juna. Can sai hannun Milda ya taso a hankali, ya tsaya. Ta ba da amsa daidai, har ta ƙara da cewa sulusi ya fi kwata girma, domin in mutum uku suka raba kifi sun fi mutum huɗu samun rabo. Wata yarinya a gaba ta waiga ta ce da ƙarfi, "Kai! Ashe tana magana!" Aji ya fashe da dariya, har da Milda. Tun daga ranar ban sake jin Arnfinn ya ɗora wa yaran baƙi laifi ba.

Gunvor, ke ce kika fara miƙa wuya. Kin san da kin ce a fara da ajin wani, da babu wanda zai yarda. Kika ajiye shekarunki da girmanki a gefe, kika bari aka gaya miki abin da ba shi da daɗin ji, kika kuma ce a dawo. Duk abin da ya biyo baya daga wannan ya fito.

Abin da ya biyo baya shi ne zaman Laraba. Ranar Laraba yara kan tashi da wuri, sai Gunvor ta roƙi shugabar makaranta ta bar mana wannan yammacin, ta kuma sa ta yi alkawari cewa abin da aka gani a aji ba zai shiga takardar auna ma'aikaci ba. Shugabar ta yarda, kuma ta cika, wannan ma ya cancanci a faɗa. Gunvor kan zo da ƙullin waina daga gida, a soya a ci da jan cuku. Doka ɗaya ta kafa: ba a kuka da iyaye, ba a kuka da hukuma, ba a maganar jadawali. Darasi guda za a ɗauka wanda ke ba yara wuya, a tsara shi tare, mutum ɗaya ya koyar, sauran su kalli yaran. A dawo a faɗi abin da aka gani, a gyara, wani ya sake gwadawa a nasa ajin. In mun cije a kan wata tambaya da ta fi ƙarfinmu, sai mu kira wata malama daga kwalejin horar da malamai ta zo ta zauna da mu, kuma a lokacin ne maganar masana ta fara yi mana amfani, don mu muka kawo tambayar.

Ba kowa ya shigo da daɗin rai ba. Arnfinn yana zuwa kallon ajin kowa, amma nasa a rufe. Kullum da uzuri. Sai da Gunvor ta ce masa a gaban mutane, "Kai da ka iya ganin aibin tsohuwa, me kake ɓoyewa a naka? Gawa?" Da ya buɗe mana, abin da muka tarar ya ba mu mamaki. Idan yaro ya yi kuskure a allo, Arnfinn ba ya gogewa. Sai ya ce, "Madalla, wannan kuskure ne mai kyau, ku zo mu ga ta ina ya shigo." Yaransa ba sa tsoron tashi. Shekaru yana wannan a bayan bango ɗaya da ni, ban sani ba. Dukanmu muka sace dabarar. Ya yi mako guda yana tafiya yana buɗa kafaɗa, yana cewa a riƙa biyansa ladan aro.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne al'amarin Ylva. Sabuwar malama ce, ta zo daga kudu, sanyinta na farko ke nan a arewa, aka kuma haɗa ta da aji bakwai, ajin da ya fi kowane hayaniya. Kafin Kirsimeti ta rame. Wata rana Gunvor ta same ta a ɗakin ajiye kayan wasa tana kuka, ta riga ta yanke shawara in ta tafi hutu ba za ta dawo ba. "Ban iya ba," in ji ta. "Kuskure na yi da na zaɓi wannan aiki."

Gunvor ba ta lallashe ta da daɗin baki ba. Ta ce, "Gobe ni zan koyar da ajinki. Ke ki zauna a baya ki kalla."

Ylva ta zaci za a nuna mata yadda gwanaye ke yi. Sai ga shi aji bakwai sun yi wa Gunvor abin da suke yi mata, har da ƙari. Takarda na tashi, kujera na ƙara, wani na kukan tinkiya daga lungu. Gunvor ta fito gashinta a hargitse ta ce, "Waɗannan ai sai a haɗa su da 'yan sanda." Ylva ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Sannan ta ce, "Amma na ga wani abu. Hayaniyar ba ta tashi sai kin ce su buɗe littafi su karanta umarni. Kuma kullum daga mutum uku take farawa."

Aka duba. Ashe waɗannan ukun karatu ne bai zauna musu ba, har suka kai aji bakwai suna ɓoyewa. Sun gwammace a ce musu marasa ji da a ce musu marasa sani. Zaman Laraba ya ɗauki wata guda a kan wannan kaɗai. Aka sama musu taimako ba tare da an tona su a gaban 'yan'uwansu ba, aka canza yadda ake ba da umarni a dukan azuzuwa. Ajin bai zama na mala'iku ba, amma ya zama ajin da ake iya koyarwa. Ylva ta tafi hutu ta dawo. Har yau tana nan.

Kada mai karatu ya zaci daga nan komai ya tafi sumul. Sakamakon shekarar farko ya fito kusan yadda yake a da. Ranar ba wanda ya iya cin waina. Wani daga cikinmu ya ce a bar wannan zama, a koma yi wa yara bitar tambayoyin jarrabawa kawai, ko ma tsira. Gaskiya ni ma na ji maganar ta shige ni. Gunvor ta ce, "Ni ban san abin da takardar baɗi za ta nuna ba. Amma na san yaran da ba sa magana bara suna magana bana. In za a rufe mu, a rufe mu muna koyarwa." Muka ci gaba.

Shekara ta biyu makin ya ɗaga. Bai taɓa sama ba, amma ya ɗaga yadda ba mai iya musu, kuma ya fi ɗagawa a wurin yaran da suke can ƙasa. Iyalai biyu da suka kai 'ya'yansu tsallake suka dawo da su. Da ranar yanke hukunci ta zo, zauren taron gari ya cika har waje, masunta da kayan aikinsu, ma'aikatan kifi da suka taso daga aiki ko wanka ba su yi ba. Mahaifiyar Milda, wadda ban taɓa jin muryarta a taro ba, ta miƙe tana haɗa kalmomi da ƙyar. Ta ce, "'Yata da, in ta dawo gida, shiru. Yanzu ta dame ni da surutu. Tana gyara min magana. Ku bar mana makaranta." Ta zauna. 'Yan majalisa suka kaɗa ƙuri'a, makaranta ta tsira da ƙaramin rinjaye.

Ban iya kwatanta yadda numfashi ya sauka a wannan zaure ba. Mutanen da ba sa ga maciji da juna saboda rikicin wurin ɗaure jirgi suka rungume juna. Arnfinn ya fitar da hankici yana fyace hanci yana cewa mura ce. Na nemi Gunvor ban gan ta ba. Ashe tana kicin tana taya matan gari wanke kofuna.

Shekaru sun wuce tun lokacin. Malaman wasu tsibirai biyu sun ji labari suka fara zuwa, yanzu su ma suna da nasu zaman. Sababbin malamai da a da ba sa wuce shekara guda a nan sun fara zama har su sayi gida. Milda ta gama sakandare a tsallake, tana karatun aikin jinya.

Sai bara da kaka, ana tsakiyar darasi, Gunvor ta dafa allo ta sulale ƙasa. Zuciya ce. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ta zuwa babban asibiti, aka yi mata aiki, aka ce sai dai a jira. Tsibiri ya yi sanyi. A kanti ba a tambayar komai sai jikinta. Mu kuma a makaranta tsoro biyu ne ya kama mu, ɗaya muna faɗa, ɗaya muna ɓoyewa. Na ɓoyen shi ne, in babu ita, zaman Laraba zai rayu kuwa?

Larabar farko muka taru muka zauna muna kallon tebur. Babu ƙulli, babu wanda ya san ta inda za a fara. Har wani ya fara tattara jakarsa. Sai Ylva ta ce, "Ni yaran aji huɗu sun kasa gane bambancin labari da bayani. Na gwada sau biyu. Wa zai zo ya duba min?" Arnfinn ya ce, "Ni zan zo, amma a nemo min kujerar manya." Aka fara. Mako na gaba shi ya zo da ƙulli, waina ta ƙone, aka ci haka nan ana zaginsa.

Gunvor ta tashi. Da ƙyar, amma ta tashi. Ta yi dukan watannin duhu a gidan ƙanwarta a birni tana jinya, ta dawo lokacin da yini ya fara tsawo. Ba ta gaya wa kowa ta dawo ba. Wata Laraba muna cikin gardama mai zafi a kan wani darasin karatu, kowa na ɗaga murya, ta turo ƙofa ta tsaya. Mun daɗe ba mu lura da ita ba. Arnfinn ne ya fara ɗaga kai. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Kin makara. Nemi kujera, kada ki katse mu."

Ta nemi kujera a gefe ta zauna. Bayan an gama rungume-rungume da share hawaye, gardama ta koma inda ta tsaya, ita kuwa tana saurarenmu har aka tashi. A hanyar gida ina tafe a gefenta a hankali, ta ce min, "Aslaug, duk kwanciyar da na yi a asibiti ba mutuwa ce ta fi damuna ba. Tunanin da nake yi shi ne ko abin nan a kaina kaɗai ya tsaya. Yau na ga ko ba ni kuna faɗanku lafiya lau." Ta tsaya ta ja numfashi. "Yanzu sai in ajiye."

Gunvor, ke ce uwar malaman tsibirin nan, ko da yake za ki harare ni in kin karanta. Ba ki rubuta littafi ba, ba a taɓa kiranki birni a rataya miki lambar yabo ba. Amma akwai yaran da suka iya karatu saboda ke, akwai malaman da ba su gudu ba saboda ke, akwai gidajen da fitila ke ci a cikinsu a wannan gaɓa saboda makaranta ba ta mutu ba. Mun gode wa Allah da ya dawo mana da ke da ƙafafunki, har muka samu damar faɗa miki wannan kina ji.

Ga 'yan'uwana malamai, a duk inda kuke, ba sai kun jira an aiko muku da tsari daga sama ba. Ku duba darasin da ya daɗe yana gagararku, ku faɗa da bakinku a gaban abokan aiki, ku roƙi ɗaya ya zo ya kalli yaranku. Zai yi zafi a ranar farko. Ku jure. Shugabannin makarantu kuma, ku ba su lokaci, kada ku mayar da abin sandan duka.

Ke kuwa Gunvor, je ki huta. Ki shuka dankalinki, ki sha maganinki a kan lokaci, ki daina haura tudun coci da sauri kamar ana korarki. Kada ki damu da mu. Mun iya.